Robar Man Kitson Inna

Aikin farko na yau: tafasa rigunan filo da ɗankwalayen yara, a shanya su a rana.

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma ƙafar nan da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana zuri'a. Mu ma nan alhamdu lillahi. Baban yara ya koma aikin safe, babbar 'yata ta fara hawa keken ɗinkina, har ta iya kalmasa bakin zane ba karkata. Kada layin da ke sama ya ba ki mamaki, hannuna ne ya saba da littafina na kullum, na fara rubutawa kafin in tuna wasiƙa ce. Na zaɓi takarda ne saboda kin san Inna, idonta ya yi rauni amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji, kuma da na ɗaga waya za ta jawo kujerarta kusa da ni. In na gama zan ɗauki hoton takardar in turo miki. Roƙona ɗaya, kada ki karanta kina cin abinci.

Maganar a kan Auta ce, da kuma man shafawar nan da kika aiko mana da shi bara. Kin tuna lokacin da ƙurajen zafi suka dami Inna, kika sa direba ya kawo mana kwali guda na man nan mai jan layi, wanda aka ce yana maganin ƙaiƙayi da kyasbi da komai. To, ya yi aiki kuwa, kwana kaɗan ƙaiƙayin ya kwanta, Inna ta yi ta sa miki albarka har maƙwabta suka haddace. Sai dai ta ga mazuban man ƙanana ne, kada su ƙare da wuri, shi ne ta matse su duka cikin babbar robarta ta man kitso, ta gauraya da cokali. Tun daga ranar robar nan ta zama asibitin gidanmu. Cizon sauro, sai Inna ta ce a kawo man babbar 'yata, wato ke. Faso a dunduniya, man babbar 'yata. Faratanta da suka yi kauri suka koma ruwan ƙasa suna marmashewa, nan ma shi take cusawa. Da yatsan nan kuma za ta sake lakatowa ranar Asabar ta bi tsagar kan yara in tana musu kitso. Ni ina zaune a gefe ina ɗinki ina kallo, ban taɓa kawo komai a raina ba, har ni ma nakan lakata in gwiwar hannuna ta bushe.

Da farko wani ɗan fili ne ya fito a ƙeyar Auta, fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na ce amosani ne, Inna ta ce ƙora ce irin ta yara, kowa ya yi ta ya warke, ta ƙara mai. Ƙaiƙayin ya tsaya, jan ya baje, na ce ashe dai Inna ta fi ni gaskiya. Bayan ɗan lokaci ya dawo ya ninka, aka sake lafta mai, ya sake lafawa. Haka muka yi ta yi har ranar da malamarsu ta rako ta gida da kanta, ta ja ni gefe cikin mutunci ta ce yaran aji sun daina zama kusa da ita saboda wari. Na zaunar da ita a tsakar gida in tsefe kitson. Yaya, ina kama jelar baya sai ta biyo hannuna gaba ɗaya, da saiwarta, jiƙe. Ƙarƙashinta wurin ya kumbura ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, ko'ina ƙananan ƙofofi, in na ɗan danna sai mugunya ta tsattsafo ta wurare da yawa lokaci guda. Ɓawon ya manne da gashi da mai ya zama wani abu mai yauƙi, ga ƙarni mai tsami da ya tsaya mini a maƙogwaro. Wuyanta duk kaluluwa. Na ce mata ina zuwa, na shiga banɗaki na yi amai, na wanke fuska na fito ina murmushi don kada ta gane. Har yanzu ban san ko uwa tagari tana jin ƙyamar kan 'yarta ba, amma ni na ji, ba zan ɓoye miki ba.

Washegari muka je wurin likitar fata. Ɗakin nata ƙarami ne, da fitila mai dogon wuya da gilashin ƙara girma, bango duk hotunan cututtukan da na yi ta kawar da kai daga gare su. Ta kankari ɓawon, ta tsige 'yan gasu ta sa a takarda za a kai ɗakin gwaji, sannan ta tambaye ni me muke shafawa. Na nuna mata kwalin da na tsinto a bayan kabad. Ta karanta, ta ajiye. Ta ce cutar dangin fumfuna ce, kuma a cikin man akwai sinadarin da aikinsa kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, wato yana sa jiki ya daina faɗa da cutar, ita kuma ta samu wurin yaɗuwa a ɓoye. Ta ce masu bincike a 'yan shekarun nan sun gano irin wannan cuta da ta daina jin maganin da aka saba bayarwa, kuma suna ganin yawan shafa irin waɗannan mayukan na gauraye ba tare da an ga likita ba yana cikin abin da ya jawo haka. Shi ya sa yanzu ta fi son a gwada kafin a daɗe ana shan maganin da ba ya ci. Ta kuma ce ƙorar kai ba ta jin shafe-shafe, don tana cikin silin gashin ne, sai maganin sha na makonni, da sabulun wanke kai na musamman ga duk gidan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ta ce in aka ci gaba da man nan wurin zai iya yin tabo, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fitowa. Yarinyar da ko firamare ba ta gama ba, Yaya.

Na tambaye ta ko daga faratan Inna abin ya fito. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, yana yiwuwa daga makaranta ta ɗauko, amma roba ɗaya da mataji ɗaya da yatsa ɗaya sun isa su yi ta zagayawa da shi tsakaninmu, don haka a kawo mata tsohuwar ta duba hannun. Na dawo na duba a waya da ɗan turancina na sakandare, na ga abin da na fahimta bai saɓa da maganarta ba, ko da yake rabin kalmomin sun fi ƙarfina, kuma hotunan sun hana ni cin abincin rana. Daga nan na ɗauko robar na kai bakin taga. Ban taɓa kallon cikinta da kyau ba sai ranar. Man ya koma ruwan toka, ga sawun yatsu rami-rami, ga silin gashi fari da baƙi a nannaɗe, ga ɓarɓashin farce, ga wani abu kore-kore a ƙarƙashin murfin. Wannan muke shafawa a fuskar yara. Na wanke hannuna har fatar ta yi fari.

Na tsara yadda zan gaya wa Inna, har na rubuta a littafina na goge na sake, amma da na buɗe baki duk ya watse. Ta ce oho, Uwar Sabulu, sunan nan da take tsokana ta da shi, ta je ta ga likita ta dawo da sabon karatu. Ta ce ita ta yi mana kitso da hannun nan mu duka, wa ya yi sanƙo a cikinmu, in ban da mijina da ya zo da nasa daga gidansu. Ta ce man da babbar 'yarta ta aiko daga nesa ba zai zama guba ba don wata yarinya mai farar riga ta faɗa, ta ɗauke robar ta kulle a akwatinta, ta ɗaura makullin a bakin zane. Ni kuma na ƙara ɓata lamarin da hannuna. Kin san ni nake yanke mata farce tunda idonta ya yi rauni. Da yamma ta kira ni ta miƙo hannu kamar kullum, ni kuwa na zo sanye da safar hannu ta roba da aka ba ni don wanke kan Auta. Ta kalli safar, ta kalle ni, ta janye hannunta a hankali ta tura ƙarƙashin mayafi. Ta ce hannun nan ya kwashe kashina da amaina ba a sa masa leda ba, amma ba komai, in je, ta gode. Tun ranar take cin abinci ita kaɗai a ɗaki, in yara suka shiga sai ta ɓoye yatsunta. Baban yara ya ce na yi daidai amma na yi shi kamar ma'aikaciyar kwashe shara. Ni kuwa ban san ta inda ya yi ƙarya ba.

Shekaranjiya ina wanke wa Auta kai sai na ji ƙamshin man nan a ƙeyarta. Na tambaye ta, ta ce Kaka ce ta ga tana susa ta tausaya mata, ta zura yatsa ta ƙarƙashin ɗankwali ta ɗan shafa, ta ce kada ta faɗa wa Uwar Sabulu. A nan na lura da abin da ban lura da shi ba. Tun da abin ya ɓaci nake rufe kan yarinyar, saboda ƙuda da kuma kada hankalin Inna ya tashi, ashe ita har yanzu ɗan filin nan na farko take gani a ranta. Jiya da hantsi na kama hannun Auta na kai ta ƙofar ɗakin Inna inda rana ke faɗowa, na cire ɗankwalin. Inna ta matso da fuskarta sosai saboda idon, warin ya buge ta. Ta ɗaga hannu za ta taɓa, sai ta tsaya a sama, ta juyo da hannun tana kallon faratanta kamar na wani ne aka ba ta aro. Auta ta tambaye ta ko in ta warke za ta yi mata kitso irin mai zagaye ɗin nan. Inna ta ce sosai ma, in dai uwarta ta ba da lasisi. Ko dariya ba wanda ya yi.

Yau da safe na tarar da matajinta da tsinken tsaga a ƙofar ɗakina, an naɗe su a takarda. Ta ce za ta bi ni wurin mai farar rigar, ta ga ko ita ma za a kankare ta kamar tukunya. Amma robar tana nan a akwati. Ta ce kyautar 'yarta ce, ba za ta zubar da ita da bakin kowa ba sai da bakin wadda ta aiko. Ni kuma na san Inna, muddin robar tana ɗakin, ranar da ta ga jikarta tana susa tausayi zai sake kai yatsan nan ciki. Don Allah, Yaya, ki kira ta gobe da safe kafin mu fita, ki gaya mata da kanki ta ba ni in zubar. Kada ki ji kamar ina ɗora miki laifi, da alheri kika aiko, mu ma da alheri muka shafa. In kuma akwai sauransa a gidanki, ki duba kan yaranki a rana, ba a ɗaki ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da babban ɗanki mai shirin jarrabawa, Allah ya ba shi sa'a, da 'yan biyu, da surukarki mai ba mu dariya. Baban yara yana gaishe ku, babbar 'yata ta ce a gaya miki rigarki ce ta farko da za ta ɗinka. Auta ta ce kada a nuna wa 'yan biyu hotonta sai gashi ya fito. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Uwar Sabulu

Na gobe, waɗanda ban gama ba:

Maganin Auta bayan ta karya, kada in manta kamar ranar Talata.
Sayo mataji, kowa da nasa, a ɗaura wa kowanne zare mai launi dabam.
Tambayo sakamakon gwaji.
Zanen gadon Inna, in ta yarda in cire.
Robar, bayan kiran Yaya. A haƙa rami, kada wani ya tsinta a bola.
Yanke wa Inna farce kafin mu fita. Sabulu bayan an gama, ba a gabanta ba.
A bakin titi in riƙe hannunta, ba safa.