Soket ɗin da na daina kunnawa

Ina tsugune a bakin famfon alwala na asibitinmu, na wanke hannu ban kai ga fuska ba, sai Sista mai kula da ɗakin tiyata ta zo ta tsaya a bayana, ta kira ni da sunana na yanka. Tun da na fara aiki a wurin ba ta taɓa kirana da shi ba, Injiniya take ce mini kamar kowa. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Ya Falmata ta riga mu gidan gaskiya." Ban tambaye ta yadda aka yi ba. Lokacin da na fita ɗauko Mama daga gida akwai wutar NEPA, da na dawo kuma tun daga bakin ƙofa nake jin rurin janareta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Janaretan ya daɗe bai tashi ba?" Ta kawar da kai, ta ce ya ɗan daɗe.

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ku gafarce ni, na fara muku ta tsakiya. Ina roƙon a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na aro ne. Ban zo neman a wanke ni ba, amma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni ma'aikaci ne a wani asibiti mai zaman kansa a nan Maiduguri. Aikina kula da na'urorin ɗakin tiyata, musamman injin sa barci. Ba ni ke sa mutum barci ba, akwai mai wannan aikin. Nawa shi ne in tabbatar injin yana da lafiya kafin a ɗora masa ran mutum. Idan an sa mutum barcin tiyata mai nauyi, ba ya iya numfashi da kansa. Ko dai injin ya riƙa hura masa iska, ko kuma a juya wani ɗan maɓalli, mai sa barci ya riƙa matsa jakar roba da hannunsa. Hanyar farko tana buƙatar wuta. Ta biyun ba ta buƙatar komai sai tukunyar oksijin da mutumin da ke tsaye a wurin. Domin ranar da za a ɗauke wuta, injin yana da batir a cikinsa wanda ke karɓar aiki nan take har janareta ya tashi. Sharaɗinsa guda ne: idan an gama aiki a sa injin a yanayin jira, a bar shi jone da bango, soket a kunne, domin batirin ya riƙa cika. Idan aka bar shi yana ƙarewa ƙaf, yau da gobe sai ya mutu, ko an sake jona shi ba ya riƙe komai.

To amma kowa ya san halin wutar garin nan. Takan tafi ta daɗe, ta dawo da ƙarfi ta ƙona kaya. Shi ya sa a gidajenmu ba a fita sai an bi soket-soket an kashe. Manajanmu, wanda zan kira Alhaji, ƙanin matar mai asibitin ne, kuma kafin a ba shi kujerar nan atamfa yake sayarwa. Wata rana wuta ta ƙona firjin ofishinsa. Tun daga ranar, kullum aka tashi sai ya zagaya da makullai a hannu, ɗaki bayan ɗaki, tas, tas, tas, har ɗakin tiyata. Wannan ne kaɗai aikin da na taɓa ganin ya yi da hannunsa, kuma yana yin sa da fuskar wanda ke ceton al'umma.

Na same shi cikin ladabi na yi masa bayani, har na nuna masa cewa injin yana da abin da ke kare shi daga ƙarfin wuta. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Injiniya, a gidanku idan za ku fita kuna barin talabijin a jone?"

Na ce, "Alhaji, wannan ba talabijin ba ne."

Ya ce, "To mene ne shi, surukina ne da zan bar masa wuta ya kwana yana sha? Idan ya ƙone kai za ka kawo wani?"

Sai na koma bin bayansa. Ya kashe ya wuce, in shiga in kunna. Muka jima a haka, har ranar da ya manta hularsa ya dawo ya same ni a sunkuye. Washegari ya tara ma'aikata, ya ce ga Injiniyan Soket, wanda ya fi kowa sani, in ya ƙara sai ya nemi wani asibitin ya je ya yi musu wa'azi. Aka yi dariya. Wanda ya fi kowa dariya shi ne mai sa barcinmu, Oga Modu, mutumin da ya san gaskiyar maganata sarai, wanda kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe zancen.

A nan laifina ya fara. Ba tsoron kora ne ya hana ni ci gaba ba, da shi ne da na ji sauƙi. Raini ne. Na dube su ɗaya bayan ɗaya na ce a raina, to ku je, ranar da abin zai faru zan tsaya gefe in kalli fuskokinku. Na daina kunnawa. Akan kulle ɗakin tiyata kwana da kwanaki idan babu aiki, injin yana zaune babu ko ɗigon wuta. Ba a jima ba alamar batir ta fara fitowa a gefen allo. Na gan ta. Idan aka kunna injin yakan gwada kansa tukuna, kuma gwajin zai tsaya ya yi ƙorafin batir, amma akwai maɓallin gaggawa da ke tsallake gwajin, wanda aka yi domin ranar da aka shigo da mutum rai a hannun Allah. Oga Modu kullum sauri yake yi. "Injiniya, tsallake mana wannan surutun." Ni kuma in danna, har da ɗan murmushi. Wane irin mutum ne ke jiran bala'i don kawai a ce ya faɗi gaskiya? Kuma a kan wa na zaci zai sauka? Ban taɓa tambayar kaina ba. A tunanina a kan Alhaji zai sauka, kamar shi ake kwantarwa a gadon.

Ya Falmata yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Turaren wuta da humra take haɗawa a gidanta a Bulabulin, kuma da kuɗin turaren nan na yi karatun da ya sa ake ce mini Injiniya. Da aka ce tana da ƙari a mahaifa sai an yi aiki, mijinta ya so a je babban asibiti. Ita ta ƙi. Ta ce, "Ina da ƙani a kan inji, in je in bi layi a wurin waɗanda ba su san ni ba?" Ina zaune a wurin. Mama ta dube ni tana jin daɗi. Shekara da shekaru ina cika baki a gida cewa babu abin da ke motsi a ɗakin tiyatar nan sai da sanina, yaya zan buɗe baki in ce kada a kawo ta? Na ce wa kaina kwanan nan wuta tana zama, janareta lafiyarsa lau, ko an ɗauke ma ai Oga Modu yana wurin, zai juya maɓalli ya matsa jaka. Da wannan lissafin na yi shiru.

Ranar aikin na yi sammako na kunna soket ɗin injin, kamar cikin safiya ɗaya zan rayar da abin da na bari ya mutu. Alamar tana nan. Na danna maɓallin gaggawa da yatsana. Da aka turo Ya Falmata a kan gado ta kamo hannun rigata ta ce, "Injiniya, ka gaya wa injin nan naka ya tashe ni da wuri, na jiƙa humrar amarya ban tace ba." Na ce zai tashe ki. Ƙa'ida ba ta yarda ɗan'uwa ya tsaya a ciki ba, sai aka ce in je in ɗauko Mama.

Abin da ya faru a ciki, Sista ce ta gaya mini daga baya, a hankali, tana duban ƙofa. Oga Modu ya sa injin a kan numfashi da kansa, ya ga komai na tafiya daidai, ya fita baranda amsa waya. Cinikin wani fili da ke unguwar Jiddari Polo yake yi a wayar. Aka ɗauke wuta. Injin ya mutu gaba ɗaya, har da ƙararrawar da ya kamata ta yi ihu, domin ita ma daga batirin take ci. Ɗakin ba shi da taga. Likita yana fama da jini, Sista tana haska masa da fitilar waya, kowa ya ɗauka injin yana kan batir kamar yadda aka saba. Mai janareta ya tafi cin abinci. Kafin Oga Modu ya gama cinikinsa ya shigo ya juya maɓallin nan, wanda juya shi bai fi ƙiftawar ido ba, an makara.

Sun zo ta'aziyya dukansu. Alhaji ya sha babbar riga, addu'arsa ta fi ta liman tsawo. Ya riƙe hannun mijin marigayiya ya ce, "Kwana ne ya ƙare, mun yi iya yinmu." Ya ci abincin sadaka ya suɗe hannu. Da zai tashi, idonsa ya faɗa kan wayar wuta da aka jawo wa fanka a ƙarƙashin rumfa, sai ya ce, "Ku riƙa kashewa idan an watse, wutar garin nan ba ta da amana." Wallahi haka ya faɗa, a ƙofar gidanta. Na dubi tabarma, domin ban amince da fuskata ba. Oga Modu kuwa har da share hawaye da hankici. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa shakkarta ba. Amma ban san ƙaddara ta zama mayafin da kowane malalaci zai ja ya rufe aikinsa ba.

Sai dai duk rainin da nake musu, idan na juyo da shi kaina ya fi dacewa. Alhaji jahilci ne ya sa shi. Oga Modu sakaci. Ni na sani, na gani, na danna. Ran sadakar uku Mama ta kira ni ɗaki ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka tsaya wa 'yar'uwarka har ƙarshe." Na ce amin. Wace irin amin ce wannan?

Na koma aiki. Alhaji yana nan yana zagayensa, tas, tas, tas. Na koma bin bayansa ina kunnawa, amma aikin banza ne, batirin ya riga ya mutu, sai an sa sabo. Na gaya masa. Ya ce, "Me ya sami tsohon? Ai jiya na ga allon yana haske." Hanya ɗaya ta rage, in je wurin mai asibitin in faɗa masa dalili. Kuma dalilin shi ne Ya Falmata. Da Oga Modu ya ga take-takena, sai ya tare ni a bayan ɗakin wanke kayan aiki ya ce, "Injiniya, mu yi wa juna sutura. Ni na fita amsa waya, kai ka tsallake gwaji. Idan ka ja zaren, da wuyanka zai fara." Bai yi ƙarya ba. Maganar kuma ba za ta tsaya a ofis ba. Rabin ma'aikatanmu 'yan unguwarmu ne, kafin la'asar zancen ya isa Bulabulin. Mijin Ya Falmata ba zai bar maganar ba, kuma yana da gaskiya. Aikin ban damu da shi ba. Mama nake tunani, tsohuwa mai hawan jini, wadda abin da ke riƙe da ita yanzu shi ne cewa 'yarta ta rasu a hannun ɗanta, cikin kulawa.

Shekaranjiya na ga wata mata a ɗakin jira da mijinta, an sa mata ranar aiki mako mai zuwa. Ta tambayi Sista ko ni ne mai kula da injin, ta gaishe ni har da rusunawa.

Masu shirin rubuto mini "Allah ya kyauta" su wuce, na gode, na ji irinta da yawa a ƙarƙashin rumfa. Masu zagi kuma ba za su faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba. Ina neman wanda zai gaya mini gaskiya ne. In fara zuwa wurin Mama in faɗa mata da bakina kafin ta ji a bakin maƙwabta? Ko in fara da mai asibitin, in bar abin ya iso gida yadda ya ga dama? Akwai hanyar da zan tsare matar can ba tare da na karya tsohuwar nan ba, ko kuwa wannan ma wani lissafin ne irin wanda na yi a baya? Me zan yi?

Na je ƙofar ofishin mai asibitin jiya, na tsaya, na juyo. Batirin yana nan a cikin injin, ban cire shi ba, kuma har yanzu ban gaya wa Mama ba.