Gishirin da Na Ƙara a Shari'ar Zuliha

Lahadi, 14 ga Mayu 2023

Yau Zuliha ta faɗa mini. Tun ranar Alhamis na lura ƙanwata ba daidai take ba, ta dawo aiki ta shige makewayi ta daɗe, abinci ma sai ta taɓa ta ture. Na ɗauka zazzaɓi ne. Ashe Alhaji Maman Lawali ne, uban gidanta a wurin aiki, mai shagon takin zamani na Sabon Gari inda take riƙe mishi takardu. Ya kira ta biro, ofishinshi, bayan an tashi, ya murza makulli. Ba zan iya rubuta sauran ba.

Ta ce, "Yaya Mansura, don Allah ki bar shi tsakaninmu." Na ce wallahi ba zan bari ba. Tun rasuwar Inna ni ce uwarta, in ban tsaya mata ba wa zai tsaya?

Litinin, 15 ga Mayu

Ban je lekol ba, na roƙi wata malama ta riƙe mini ajina. Komisariya wurin 'yan sanda da safe, daga nan likita. Ita kuka, ni ja.

Likitar mace ce, ta yi mata a hankali. Ta tambaye ta ko ta yi wanka. Ta yi, ba sau ɗaya ba. Tufafin fa? Ta wanke su da omo tun ranar, har ta goge. Likitar ta aje biro ta dube mu. Ta rubuta tabon da ke wuyan hannu da na cinya, ta ɗebi abin da za a aika Yamai don gwajin ADN, na ƙwayoyin halitta, ta ce kada mu ɗora rai a kai, an makara.

A hanya na yi wa Zuliha faɗa kan wankin. Da ban yi ba.

Asabar, 27 ga Mayu

Gari ya ɗauka. An tsare Alhaji, rediyo sun faɗa, a waya kuwa kowa ya zama alƙali. Mutumin da ke raba hatsi da azumi, wai shi za a yi wa sharri. An samo hoton Zuliha na wani biki ana yawo da shi. Na kai ta Tibiri wurin Gwaggo Tsahara kafin ƙura ta lafa.

Abu ɗaya mai daɗi: an samu mai shaida. Wata dattijuwa, Lami, daga Jiratawa take kawo albasa da tumatir tana kasawa a bakin shagon. Ta ga Zuliha ta fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya, tana riƙe da zanenta. Ita da kanta ta tari ɗan sanda ta faɗa, ba wanda ya roƙe ta.

Laraba, 18 ga Oktoba

Sakamakon Yamai ya zo. Babu abin da aka iya samu.

Metir Abdulrazak, lauyanmu, ya ce yanzu shari'ar ta rage a bakin mutane: Zuliha, Lami, da ni. "Madam, kowa ya faɗi abin da ya gani kawai, ko kaɗan ne." Na ce to.

Lahadi, 9 ga Yuni 2024

An sa ranar shiga kotu, jibi. Shekara ta wuce muna jira.

Na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Na tarar da Lami tana gyaran irin gero a gindin bedi. Ba ta salla, gidansu na masu bin al'adar kaka da kakanni ne, ta kuwa karɓe ni kamar ɗiyar cikinta. Na ce ta maimaita mini abin da za ta faɗa. Ta ce, "Rana ta yi sanyi, ina tattara kayana, sai yarinya ta fito." Na ce Inna Lami, can kotu ba su san rana ta yi sanyi ba, agogo suka sani, ki ce ƙarfe biyar da rabi. Ta yi dariya, ta ce ita da agogo sai dai kallo. Na sa ta faɗa har ya zauna mata. Na bar mata turmin atamfa don ta fita kunya gaban manya.

Na dawo ina jin na yi aiki.

Talata, 11 ga Yuni

An hana jama'a shiga, sai suka cika bakin titi. Zuliha ta yi magana. Muryarta ƙasa-ƙasa, amma ba ta karkace ba ko da lauyan Alhaji ya tambaye ta mi ya hana ta ihu, mi ya sa ta wanke kayan in har gaskiya ne. Ta ce, "Ƙyamar jikina nake ji." Shi Alhaji yana zaune da farar babbar riga yana jan carbi. Ya ce sallamarta ya yi saboda sakaci da aiki, ta fita da fushi.

Likitar ta zo. Ta ce tabon ya yi kama da na riƙon ƙarfi. Lauyan ya ce, hannun wa? Ta ce tabo ba ya faɗin suna.

Gobe ni.

Laraba, 12 ga Yuni

Na ɓata.

Ban san yadda aka yi ba. Ko na sani. Jiya na ga yadda maganar likita ta tashi a banza, na ji kamar ana zare mana tabarma. Da alƙali ya tambaye ni abin da na gani ranar Alhamis ɗin, sai na ce na ga jini a zanenta kafin ta wanke. Ban gani ba. Na tabbata akwai shi, amma ban gani ba.

Lauyanshi ya miƙe a hankali, ya buɗe bayanin da na bayar a komisariya bara, ya karanta. Can na ce ban san komi ba sai Lahadi, kuma kayan an riga an wanke. Ya ce, "Madam, ke malamar makaranta ce. Wanne za mu ɗauka, na bara ko na bana?" Na waiga, Metir Abdulrazak ya sunkuyar da kai. Zuliha kuwa kallona take, ba fushi, wani kallo dai.

Sai aka kira Lami, sanye da atamfar. Lauyan ya fara da zolaya, wai wadda ba ta taɓa Alƙur'ani ba da mi za ta rantse. Ta ce, "Yaro, in na yi ƙarya aradu ta san gidanmu." Alƙali ya tsawatar mishi. Ta faɗi komi tiryan-tiryan, takalmin, zanen, har yadda ta kira yarinyar ba ta waiwayo ba. Na fara samun numfashi. Ya tambaye ta lokaci, ta ce ƙarfe biyar da rabi. Ya nuna mata agogon bango ya ce ta karanta. Ta ce ba ta iya ba. To wa ya gaya mata biyar da rabi? Ta juyo ta nuna ni, da zuciya ɗaya. "Ɗiyar nan ce ta ce in faɗi haka. Ni dai rana ta yi sanyi." Atamfar fa, sabuwa ce? Ta ce i, ita ta kawo mini.

Ba ta san ta yi komi ba. Ba ta kuwa yi ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

Lauyanshi ya daɗe yana magana, rabinta a kaina. Yayar da ta yi ƙarya gaban kotu, ta sayi tsohuwa da zane. Sunan Zuliha ma bai cika kamawa ba. Mai gabatar da ƙara ya yi iya yinshi, ya ce a cire maganata gaba ɗaya a dubi ta yarinyar da ta Lami. To ruwa ya riga ya gurɓace.

Alƙali ya ja mini kunne, ya ce a wannan karon ya bar ni da Allah.

Juma'a, 14 ga Yuni

An sake shi. Wai akwai shakka.

Ba su ce Zuliha ta yi ƙarya ba, Metir ya nanata mini wannan. Amma a waje ana ta guɗa da ham ɗin babura har Sabon Gari, wa zai tsaya bambance shakka da wankewa? Mun fita ta ƙofar baya. Lami na zaune kan dakali tana jiranmu, ta ce, "An ɗaure shi?" Zuliha ce ta durƙusa ta kama hannunta ta ce, "Inna, kin faɗi gaskiya, na gode." Ni ba ta ce mini komi ba har muka sa ta mota zuwa Tibiri.

Litinin, 17 ga Yuni

An yi Salla. Naman ma ban iya ci ba.

Talata, 18 ga Yuni

Ina ta juya abin. Da na bar Lami da ranarta mai sanyi, wa zai iya karya ta? Da na ce ban ga komi ba sai ƙanwata da ta daina cin abinci, ai gaskiya ce, kuma da ta isa abin da ta isa. Wataƙila da haka ma za a sake shi, Metir ya ce rashin gwajin ya yi mana illa tun farko. Yana faɗa ne don in ji sanyi.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Tun ranar farko ni ke cewa za mu je, za mu yi, ba za mu yarda ba. Na duba baya, ban tuna ranar da na tambaye ta mi take so ba.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ina Tibiri tun jiya. An yi ruwa da asuba, Gwaggo ta ce a fita shuka a gonar bayan gida.

Muna shirin fita Metir Abdulrazak ya kira wayata. Mai gabatar da ƙara yana son ɗaukaka ƙarar, amma yana son ya san ko Zuliha za ta iya sake tsayawa ta maimaita komi, kuma lokaci ya kusa ƙurewa. Amsa tana bakina. Sai na ce mishi ga ta nan, na miƙa mata wayar, na ɗauki ƙwaryar iri na bi Gwaggo.

Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta zo ta ba ni wayar, ta karɓi sungumi daga hannun Gwaggo, tana sara ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Mun kai ƙarshen kunya ta tsaya.

"Yaya, ba ki tambaye ni mi na ce mishi ba."

Na ce in ta so faɗi ina nan.

Ta dube ni kamar ba ta gane ni ba, sannan ta juya ta kama sabuwar kunya. Har yanzu ban sani ba. Bakina na ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba. Gobe akwai sauran rabin gonar, ta ce in tashe ta da wuri.