Mataki na Shida Ya Ƙi

Litinin, 4 ga Agusta, 1997

Meshak ya kira ni shagonsa in ga abin da ya ƙera. Ɗana na fari, mai koyar da kwamfuta a bayan kasuwa, wai ya haɗa wasa da hannunsa. Wasan jera taragu ne: kan jirgi ɗaya, layuka uku, ka ja wannan ka tura wancan har su jeru yadda aka ce. Aikin da na yi shekara talatin da biyu a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ke nan, ya matse shi cikin akwati. Ya ce, “Baba, kai za ka yi mini testin, ba wanda ya san shantin taragu kamar kai.” Na ji daɗi, ban nuna ba. Mataki uku na ci kafin shayina ya huce.

Alhamis, 7 ga Agusta

Wasan nan cike yake da shirme. Jan tarago da mai ruwan ƙasa kamarsu ɗaya a gilashin kwamfutar. In ka yi kuskure babu komawa baya, sai ka faro daga tushe. Ina mataki na biyar aka ɗauke wuta, da aka kawo sai ga ni a na ɗaya. Wane irin rashin imani ne wannan? Ga wata ƙara tsit-tsit kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Na zazzage wa Meshak duka. Ya yi dariya, amma ya rubuta.

Asabar, 9 ga Agusta

Na shida ya ƙi.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ni aka ba karatun Littafi a coci. Na tsaya a gaba, sai sunan wurin da zan buɗe ya ɓace mini ɓat. Na yi ta juya shafi har Fasto ya raɗa mini. A hanyar gida, da muka wuce gada, matata Rosemary ta ce, “Baban Meshak, haka Yaya Rufus ya fara fa.”

Yaya Rufus, wana. Shi aka tsinto a hanyar Kagoro ba takalmi, yana tambayar mutane ina gidansa. Shekara uku ya yi kafin ya rasu bai san fuskar matarsa ba.

Rosemary tana so mu je Jos likita ya duba kaina. Na ce kaina lafiya lau, in na ci mataki na shida a rufe zancen Jos. Ta ce, “Ni ban san da wani gem ba, kai na sani.”

Laraba, 13 ga Agusta

Kwana uku ina zaryar shago. Ɗaliban Meshak sun fara ba ni kujera tun kafin in yi sallama, abin kunya.

Ba wuyar ce ke damuna ba. Nakan tsara motsi huɗu a kaina, in yi na farko, in yi na biyu, in nemi na uku in rasa. A da taragu arba'in nake riƙewa a ka, cikin ruwan sama, direba na jiran hannuna. Yau hannun ne ya rasa maɓallin da zai danna.

Tsoro nake ji. Ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 15 ga Agusta

Na gano, kuma ba laifina ba ne. Guntun layin da ake ja da baya a kai, Meshak ya auna shi daidai taragu uku, ya manta kan jirgi ma yana cin wuri. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin layi ba ne kawai zai yi wannan kuskure. Ko waye ya zauna ba zai ci matakin nan ba, don babu hanyar ci. Na nuna wa Meshak, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya sosa ƙeya ya ce, “Kai, Baba, ka kama ni.”

Na saya wa Rosemary gasasshiyar masara a hanya. Na ce mata ɗanta ne ke bukatar likita.

Talata, 19 ga Agusta

Na fita zuwa shago, na tsinci kaina a ƙofar loko inda ake gyaran jirage. Sabo ne kawai, ƙafa ce ta tuna tsohuwar hanya. Na dawo gida.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ban so in rubuta wannan ba.

Na koma kan na shida, ya sake ƙi. Can sai na lura da guntun layin. Na kira Meshak a gaban ɗalibansa, na yi masa karatun ta-natsu, cewa ya manta kan jirgi yana cin wuri. Sai da suka fita ya jawo kujera kusa da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Baba, ka gaya mini wannan ranar Juma'a. Na gyara tun Asabar. Duba, huɗu yake ɗauka yanzu.”

Na ɗora yatsa a gilashin na ƙirga. Huɗu. Na tambaye shi ko wani ya ci. Ya ce Malam Yunusa, wanda muka yi aiki tare a tasha, ya leƙo ranar Litinin ya ci cikin minti goma.

Da na dawo na buɗe littafin nan. Ga shi a shafin Juma'a, rubutuna ne, ba na wani ba. Na karanta kamar wasiƙar baƙo. Ko masarar ban tuna ba.

Litinin, 25 ga Agusta

Meshak ya zo gida, wai zai sauƙaƙa na shida, ko ya cire shi gaba ɗaya. Na ce ya bar shi yadda yake. Wasan ba shi da laifi yanzu, ya dai canza launin taragun nan.

Gwiwar Rosemary ta matsa mata, jibi za ta Jos a duba. Ba zan bar ta ta hau mota ita kaɗai da wannan ƙafa ba, rakiya kawai zan yi. In likitan ya ga dama ya yi mini tambaya, ba zan hana shi ba.

Na rubuta sunana da na unguwarmu a 'yar takarda, na sa a aljihun rigar da zan saka. Kada dai ta gani.