Injin da Na Auna a Sikelin Citta

Zuwa ga mai filin shawarwari,

Ina roƙonka ka taimake ni da amsa kafin Asabar ta sama, domin bayan wannan rana shawara ba za ta yi mini amfani ba.

'Yata Afiniki ta haifi 'yan biyu a Sabon Tasha, mace da namiji, bayan shekara tara da aure. Su ne jikokina na fari. Ranar da mijinta ya kira ni ina gonar citta, na yar da fartanya na yi ta rawa ni kaɗai, har Hammawa da ke kiwo a bakin rafi ya taso ya duba ko maciji ne ya sare ni. Ranar Lahadi na miƙe a majami'a na ce ni da kaina, da motata, zan ɗauko su zuwa gida Kafanchan, matata Hulda, kakarsu, ta yi wa mai jego wanka. An sa ranar Asabar ta sama, zumuntar mata har sun fara koyon waƙar tarba.

Motar tsohuwa ce mai dogon baya, shekara ashirin da biyu tana hannuna, kuma injinta ya gaji. Bara ta mutu mini tsakanin Kachia da Kajuru da rana tsaka. Awa huɗu na yi a bakin daji, duk ƙarar babur da na ji sai gabana ya faɗi. Kai ma ka san hanyar nan ba wurin tsayawa ba ce. Na ce ba zan sa jarirai a motar da za ta iya yi mini haka ba.

Makanikena Derrick ya samo inji biyu na hannu. Ɗaya mai fulogi huɗu ne, jikinsa goran ruwa, fari kamar tukunyar biki. Ɗayan mai fulogi shida ne na baƙin ƙarfe, an ciro shi daga motar ɗaukar kaya. Derrick ya ce a sa ƙaramin. Ni kuwa ban shiga aji ba sai da na haura arba'in, a makarantar yamma ta manya, kuma tun da na iya karanta allurar sikeli da idona ba wanda ya sake cutata a kan citta. Saboda haka na yarda da lamba. Na sa aka kai injinan shagon Alhaji Ƙasimu da ke sayen cittata, muka ɗora su a babban sikelinsa. Ƙaramin kilo ɗari da ashirin da takwas, babban ɗari biyu da talatin da ɗaya. Tsohon injina ɗari da talatin da biyar. A wurinmu cittar da ta yi nauyi a hannu ita ce lafiyayya, marar nauyi cikinta ya lalace. Alhaji ma ya ce shi bai san mota ba, amma bai taɓa ganin abin kirki marar nauyi ba.

Na ce babban za a sa, Derrick ya ce hannunsa ba zai taɓa wannan aiki ba. Na kira shi matsoraci a gaban mutane, na tuna masa ni na kai uwarsa asibiti ranar da aka haife shi, a cikin wannan motar. Na kai ta wani gareji, suka yanke mazaunin inji, suka yi waldar sabon ƙarfe, suka tura lagireto gaba, babban ya shiga.

Ƙarfi kam akwai shi. Tana hawa tudu kamar ba tudu. Amma goshinta ya sunkuya, har Hulda ta tambaye ni ko motar addu'a take yi. Sitiyari ya yi tauri, kafaɗata na ciwo. A kan layin dogo cikinta ya bugi ƙasa. Tayoyin gaba sun fara cinyewa ta ciki cikin kwana goma. Ranar Talata ina gangarowa daga Kagoro bayan an ɗauke ruwa, na taka birki saboda akuya, sai bayan motar ya zame ya nemi ya wuce gabanta. Na tsaya a gicciye a tsakiyar titi, Allah ya sa ba mota a bayana. Jiya kuma da na leƙa ƙarƙashi na ga wani siririn layi kusa da waldar, kamar gashi, tsawon ɗan yatsa. Yau na sake dubawa, ina ganin ya ƙaru, ko kuwa idona ne, ban sani ba.

Hulda ba ta san da zamewar nan ba, ba ta san da layin ba. Ta riga ta wanke zannuwan da za a shimfiɗa a kujerar baya. Ni dai abin da na sani, wannan inji ba zai mutu mini a daji ba. In na tafi a hankali, ban wuce sittin ba, ba zan kai su lafiya ba? Ko in ƙara ganyen sifirin a gaba?

Kakan 'yan biyu, Kafanchan.

Amsa

Baba, barka da arziki. Ubangiji ya raya su, ya ba mai jego lafiya.

Amsata a taƙaice: kada ko ɗaya daga cikin jariran ya shiga motar nan ranar Asabar. Kai ma kada ka sake hawa babban titi da ita.

Ba wauta ka yi ba. Tsoron da ya sa ka nemi inji mai ƙarfi tsoro ne na gaskiya, kuma injin baƙin ƙarfe yakan jure zafi da wahala. Amma sikeli jikin inji ya auna maka, ƙarfin inji kuwa a cikinsa yake: karanshaf, fistin, ringi, da yadda baƙin mai ke zagayawa. Inji mai nauyi da cikinsa ya cinye, nauyinsa na nan yadda yake. Ana gane lafiyar inji ne da gwada matsin kowace silinda, da buɗe kaskon baƙin mai a ga ko akwai garin ƙarfe. Ba a yi wa ko ɗaya daga cikin biyun wannan gwaji ba, don haka har yanzu ba ka san wanda ya fi ba.

Abin da ka sani tabbas shi ne ka ɗora wa goshin motar kusan kilo ɗari da ba a ƙera ta don ɗauka ba, wato buhu biyu na citta a kan bonet, kullum. Shi ya sa gaba ya danne, baya ya yi sakayau, ya zame maka a Kagoro. Ƙarin sifirin zai ɗaga goshin ne kawai, birki da giya da ƙashin motar suna nan yadda suke. Layin da ka gani tsagewa ce, ba idonka ba ne. Tsagewa ba ta jiran gudu, rami take jira, kuma ka fi ni sanin yawan ramukan da ke tsakanin Mararaban Rido da gida. In mazaunin ya saki, inji zai faɗa wa sandar sitiyari. Motar da ta mutu a daji ana iya jira a zo a ja ta. Wadda sitiyarinta ya kulle a kwana ba ta ba da wannan dama.

Ka gaya wa Mama Hulda komai yau, har da akuyar. Za ta yi faɗa, amma ta fi kowa haƙƙin sani. Sannan ka je wurin Derrick ka ba shi haƙuri a gaban mutanen da ka kunyata shi a gabansu. Ya gwada ƙaramin injin, in cikinsa lafiya a sa shi, a kuma samu gwanin walda ya gyara ƙashin motar kafin komai. Wannan ba aikin mako guda ba ne, kada ka matsa musu.

Maganar majami'a kuwa, ka sake miƙewa ranar Lahadi ka ce motar ba ta da lafiya. Iyaye ne ke zaune a wurin, za su fahimta. Ka ɗauki shatar lafiyayyar mota da direban da ka sani, ku fita da sassafe, ku dawo da rana a sama. Direba ba ya ganin fasinja sai ta madubi. Kai ka zauna a baya kusa da 'yarka, ta riƙe ɗaya, ka riƙe ɗaya, har ƙofar gida.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.