Hannun Chizuru na Hagu

Osaka, 2 ga Satumba, 1974

Zuwa ga matata Fumie,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da Inna, da wannan mai shurinki daga ciki. Ya nauyin jiki? Ya zafin tsibiri? Ni lafiya lau nake, sai kewar miyar kifinki.

Wasiƙarki ta iso. Na ga ungozoma ta ce ɗan bai juya ba, ƙafa ce a ƙasa, kuma tana so ki hau jirgin ruwa ki tafi Matsue, ki zauna wurin gwaggonki kusa da asibiti. Fumie, kada ki tafi tukuna. Wannan abu muna da maganinsa. Da idona na ga mai koya min aiki, Malam Kurata, shi da ba ya gani, ya juya ciki biyu a bana, kuma ƙafar matan kawai ya taɓa. Ga ƙullin mogusa nan na sako miki, busasshen ganye mai laushin nan da muke ƙona wa majinyata a kan fata. Ki murza kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, Inna ta ɗora miki a gefen farcen ƙaramin yatsan ƙafa, ta kunna da turaren tsinke. In zafi ya kai miki, ta tsince. Safe da yamma. Ki ba ni mako biyu kawai.

Ki bar Baba ya yi ta dariyarsa. Tun ranar da na sauka daga jirginsa na kamun kifi na zo koyon aikin allura, irin maganin nan na tsira wa majinyaci siraran allurai a jiki, yake kirana likitan tsinke. Zai gani.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Tatsuro

Osaka, 24 ga Satumba

Fumie,

Ina gaishe ki. Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarki ba, amma ya jikin? Ya jaririya?

Baba ne ya kira ni ta wayar shagon da ke ƙasanmu. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Jero min ya yi ɗaya bayan ɗaya: naƙuda ta zo da wuri, guguwa ta hana jirgi tashi, ungozoma ta yi ta fama kafin ta jawo yarinyar, kin zubar da jini da yawa, hannun yarinyar na hagu yana kwance ba ya motsi. Sai ya ce, “Yatsun ƙafar matarka duk ƙuna ne. Ba ta fasa ba ko sau ɗaya.” Ya ajiye wayar.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ban tambayi Malam ba kafin in rubuto miki. Tsoro na ji kada ya ce ki bi maganar ungozoma. Jiya na durƙusa gabansa na faɗa masa komai. Ya tambaye ni watan cikin nawa, na ce ya shiga tara. Sai ya ce, “Matan nan biyu da ka gani, a wata na bakwai suka zo, likitansu ne ya turo su, asibiti kuma yana bayan layinmu. Duk wannan ba ka gani ba, kai mai ido? Ni sai na taɓa mutum nake buɗe baki. Kai ka yi wa matarka magani ta gidan waya.”

Ya karɓe alluraina. Yanzu shara nake yi da kwashe toka, kuma ban ga laifinsa ba.

Na yi ta gaya wa kaina wahalar tafiya nake raba ki da ita. Ƙarya ne, Fumie. So nake Baba ya ji an ce likitan tsinke ne ya juya jikarsa. Da wannan burin na tsare ki a tsibiri a watan guguwa, ni da na tashi a bakin teku, na san watan sarai.

Ran Lahadi na je har tashar jirgin ƙasa da niyyar tahowa gida, na dawo. Ban san yadda zan tsaya a gabanki ba.

Ki huta sosai. Ki gaida Inna, in za ta amsa.

Tatsuro

Osaka, 15 ga Oktoba

Matata Fumie,

Gaisuwa gare ki da Chizuru. Sunan ya yi daɗi, kuma kin kyauta da ba ki jira ni ba kika sa mata. Ya ƙarfin jiki? Tana kama nono sosai?

Na karanta amsarki a tsaye a bakin ƙofa. Na yi zaton za ki ce kada in sake taka gidan, har na shirya ma hakan. Sai ga shi kin ce kun kai ta Matsue, likita ya ce hannun yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, amma dole a riƙa motsa shi a hankali kullum. Sai wurin da kika ce, “Hannuna rawa yake yi, na Inna ya tsufa, na Baba kamar igiyar jirgi. Kai ka bar mu don ka koyi taɓa mutum, to kawo hannun. Kuma kada ka zo min da kuka, na gaji.” Fumie, da kora kika yi min da ta fi wannan sauƙi. Tsoron taɓa yarinyar nake ji.

Na karanta wa Malam. Sai ya naɗe hannun riga ya miƙo min damtsensa, ya ce in ɗauka na jaririya ne. Tun daga ranar nake lanƙwasa masa gwiwar hannu, yana ce min na yi ƙarfi, in sake. Jiya ne ya ce ba laifi. Ya ƙara da cewa, “Abin da likitan ya ce shi za ka yi, kada ka ƙara ko gishiri. In ka ji wata dabara ta zo maka, fita waje ka sha iska har ta wuce.”

Zan shigo jirgin Alhamis. Makaranta ta jira. Ban san ko zan komo ba, kuma ba ni kaɗai zan yanke wannan ba.

Roƙona ɗaya ne. Ranar da zan fara riƙe hannunta, ki zauna kusa da ni. In kin ga na yi ba daidai ba, ki ce in tsaya. Zan tsaya.

Ki gaida Baba da Inna, ki shafa min kan Chizuru.

Mijinki,
Tatsuro