Wa Zai Juya Eriya?

Laraba da dare, Bukan Sidi, Lafiya

Yau aka nuna ƙarshen wasan 'yan sandan nan, kuma ban ji daɗinsa ba. Falo ya cika kamar kullum. Tun kafin a fara samari suka tada rigima, wai a juya eriya wajen Makurdi su ga ƙwallo, matan gida suka ce sai dai Jos. Na ce kowa ya yi min shiru, telebijin nawa ne.

Ashe direban alhajin nan na cikin wasan ne ya yi kisan. Musa makaniki ya ce cuta ce, kamar lafari ya ba da fenariti ana shirin tashi. Maman Ladi ta ce ita tun farko idon direban bai yi mata ba. Ƙarya take. Mutum ɗaya ne ya faɗi haka tun makon farko, Kawu Sule, muka yi ta yi masa dariya.

Shi ne mai riƙe mana gorar eriya a waje. Ta taga yake kallo, yana juyawa yana tambaya, "Ya yi?" Ko ranar ƙwallo bai taɓa neman kujera ba. Ran Juma'a muka kai shi makwanci.

Ana cikin saka wa direban ankwa hoto ya dagule. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Kawu, juya kaɗan!"

Babu wanda ya kalle ni. Haka muka ƙarasa kallon, dishi-dishi. Allah Ya jiƙanka, Kawu. Kai ka canka.