Matata na takarar shugabancin jam'iyya, ni kuwa ɗaya ɓangaren na zaɓa

Gwaggo Winifred,

Don girman Allah ki taimake ni kafin Asabar, domin a ranar ko dai in yi ƙarya a gaban ƙasa baki ɗaya, ko in rusa auren shekara ashirin da shida.

Matata, bari in kira ta Bernadette, 'yar majalisa ce. Kin ga yadda jam'iyyarmu ta adawa ta hargitse bayan ƙuri'ar raba gardamar nan ta ko ƙasarmu ta zauna cikin ƙungiyar ƙasashen nahiyar ko ta fita, shugaba ya ajiye muƙami, kowa na zagin kowa. To ita ma ta fito neman kujerar, har ana cewa za ta iya ci. Abin taƙamarta ɗaya ne: tun ranar farko "mu zauna" ta ce, ba ta taɓa juyawa ba. Ni na liƙa takardar kamfen a tagar falo. Ni na bi ta gida-gida cikin ruwan sama, har wani kare ya yaga mini wando a bayan tashar jirgi.

Gwaggo, da na shiga rumfar zaɓe na ɗauki fensirin nan, "mu fita" na zaɓa.

Ba wata aƙida ba ce. Wanta ne, Crispin, malamin jami'a. Lahadi huɗu a jere yana zuwa cin abincin rana gidana, yana cewa ba mai zaɓen fita sai wanda bai taɓa gama littafi ba. Yana faɗa yana kallona, ni tsohon direban bas, bakinsa cike da dankalin da na gasa da hannuna. Na ce a raina ai "mu zauna" ce za ta ci, ƙuri'a ɗaya me za ta yi? Washegari ashe "mu fita" ce ta ci, na tarar da Bernadette zaune a kan matakala tana kuka. Na haɗa mata shayi, na dafa kafaɗarta, na ce mutane dai ba su da hankali. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Yanzu ga Asabar ta ƙarato, ranar da 'yan talabijin za su zo gidanmu. Kin san ba a yin takara sai 'yan talabijin sun ɗauki mutum a kicin ɗinsa, da kofi a hannu, da mata ko miji a gefe ana murmushi. Masu kamfen ɗinta sun riga sun ɗauke butar shayinmu, wai ta yi kama da ta masu hali, sun kawo wata tsohuwa wadda duk ta lotse. Har rigar sanyin da zan sa sun zaɓa. Kuma sun ce tabbas za a tambaye ni abin da na zaɓa. Ni kuwa ban iya ƙarya ba, kunnuwana ke yin jawur, kowa a garinmu ya sani. Ga Desmond, maƙwabcina a lambu, wanda na yi wautar gaya wa. Kullum sai ya leƙo ta shinge ya ce, ɗan tawaye, yaya uwargida Firaminista? Sannan ya tsinki albasata ya wuce, ban isa in ce uffan ba.

In yi ciwon ƙarya ranar? In sa hula ta rufe kunnuwan? Ina son matar nan, Gwaggo, kuma ina tsoronta.

Mijin 'Yar Takara, Yorkshire

Mijin 'Yar Takara,

Ajiye maganar hula. Ba a sa hula a kicin, kuma 'yan jarida ba yara ba ne.

Ƙuri'arka haƙƙinka ce, rabin ƙasar nan haka suka zaɓa, wasu ma da dalilin da bai kai naka ba. Na kuma yarda Crispin ya ci mutuncinka a kan teburinka. Sai dai ba shi ka hukunta ba, domin bai ma san an yi ba. Ba ƙuri'ar ce za ta ƙona wa matarka rai ba, tsayuwar da ka yi kana zagin mutane tare da ita ce.

Gobe da safe ka ja ta ku fita yawo bayan gari, inda babu masu kamfen, babu waya. Ka faɗa mata a taƙaice. Kada ka fara da Crispin, sai ta tambaya. Za ta yi fushi, tana da gaskiya, ka yi shiru ka sha. Daga nan ka bar mata shawarar abin da za a faɗa ranar Asabar, takararta ce.

Zai iya cutar da ita, ban ɓoye maka ba. Amma jam'iyyar da ta rabu biyu tana neman wanda zai iya zama teburi ɗaya da ɗaya ɓangaren, ita kuwa ashe kullum tana yi. Ka shirya, mai yiwuwa masu kamfen su yi ta yawo da kai gari-gari suna nuna ka, ka gwammace da ta kore ka.

Macen da ke roƙon a damƙa mata jam'iyya guda bai kamata ta ji labarin gidanta daga bakin mai kyamara ba. Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya ba ta sa'a, ya sa ku dawo daga yawon nan ta hanya ɗaya.

Gwaggo Winifred